Hayaƙi a Cikin Firem: Yawo a Birnin Pittsburgh da Taswirar 1902

Idan kina cikin masu leƙa shafukan kayan adon gida a waya bayan yara sun yi barci, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da irin hotunan nan ba: takarda mai launin ƙasa-ƙasa kamar an jiƙa ta da ruwan shayi, an zana gari guda a kanta tun daga bakin kogi har bayan gari, tituna a miƙe, gidaje a jere, jiragen ruwa suna kai da komo, ga dogayen bututu suna tura hayaƙi sama. Daga ƙasa an rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe, sai kuma shekara, 1889 ko 1902. Suna da kyau, babu musu. Sukan dace da kujeru ruwan ƙasa da labule mai ruwan madara, kuma ba su da hayaniyar launi. Masu sayarwa suna buga su a takarda ko a ƙyalle, su sa firem, su aika duk inda aka ce.

Kafin ki tura kuɗinki, zo in zaga da ke ɗaya daga cikin garuruwan da ke jikin waɗannan hotuna, wato Pittsburgh, a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Kwana tara na yi can a watan Oktoba wurin wani kwas na ma'aikatan jinya, kuma kusan duk inda na sa ƙafa, daga otal zuwa wurin shan shayi, sai na tarar da tsohuwar taswirar garin a bango. Mutanen garin suna ji da ita. Ni kuwa da aiki ya sabar min da sauraron ƙirjin yara, idona bai tsaya ko'ina ba sai a kan hayaƙin.

Gani daga sama, aiki da ƙafa

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne, a 1902 da aka zana taswirar babu jirgin sama a duniya. Sai a ƙarshen 1903 na farko ya tashi. Amma zanen ya nuna garin kamar yadda shaho zai hango shi. Mai zanen, Thaddeus Fowler, da ƙafa ya yi aikinsa. Irin waɗannan masu zane sukan zaɓi wani wuri a sararin sama da tunani kawai, tsayin ƙafa 2,000 zuwa 3,000, su shata titunan gari yadda za su bayyana daga can. Daga nan sai su bi gari layi-layi da fensir da littafi, suna zana kowane gida, suna ƙirga tagogi, suna duba siffar rufi. Idan an gama sai a haɗa komai a babbar takarda guda, a kai maɗaba'a. Can kuma za a sake zana shi da alli mai maiƙo a kan wani lafiyayyen dutse, a jiƙa dutsen, a shafa tawada. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya bi. Sai a danna takarda, hoto ya fito.

Fowler ɗan jihar New York ne, an haife shi a 1842. Ya yi aikin soja a yaƙin basasar Amurka, aka ji masa rauni a idon sawu, ya koma ɗaukar hoton sojoji don ya ci abinci. Daga baya ya koyi zanen gari a hannun wani gwani, Albert Ruger, ya kuma shafe sama da shekara hamsin yana yawo gari-gari. Zanensa ya haura 400, fiye da rabi na garuruwan Pennsylvania ne. A 1918, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, aka gan shi yana zana masana'antun garin Allentown, aka kama shi aka kulle bisa zargin ɗan leƙen asirin Jamus ne, sai da iyalinsa suka je suka shaide shi. Ya rasu a 1922 bayan ya zame a kan ƙanƙara ya karye, yana bakin aikin zana wani gari.

Yanzu ga abin da ya kamata ki riƙe. Ba hukuma ce take ɗaukar nauyin wannan aiki ba. Kafin a buga, wakilin mai zane yakan bi shaguna da ofisoshi da gidajen masu hali yana rubuta sunayen masu son saye. Mai masana'anta yakan biya don a sa wa gininsa lamba, a rubuta sunansa a ƙasa, ko a zana shi daban a gefe. Dillalan filaye suna saye don su jawo baƙi. Ashe ke nan talla ce. Mai talla kuwa ba ya kushe hajarsa. Shi ya sa ba za ki ga kwata ko bola ko taɓo a titi ba. Kogi fes, kowane jirgi da kaya, kowane bututu da hayaƙinsa. A idon mutanen wancan zamani, hayaƙi na nufin ana aiki, albashi zai fito ranar biya. Bututun da ba ya hayaƙi shi ne abin tsoro.

Daga kan Dutsen Kwal

Idan kina son ki ga abin da Fowler ya hango, sai ki hau tudun da ke kudu da tsakiyar gari, wanda yanzu ake kira Mount Washington. A da sunansa Dutsen Kwal, saboda daga cikinsa aka fara haƙo kwal ɗin da ya ciyar da garin. Hawansa da wani ɗan jan tarago na katako ake yi, wanda igiyar ƙarfe ke ja a kan layin dogo mai tsananin gangara. Tun 1877 yake aiki, kuma an gina shi ne don ma'aikatan da suka gaji da hawa matakala bayan sun tashi daga aiki. Cikin 'yan mintoci zai ɗaga ki kusan mita 120. Idan kina da jiri, kalli bango, kada ki kalli ƙasa.

Daga sama gari zai buɗe a gabanki kamar an shimfiɗa tabarma. Koguna biyu, Allegheny daga arewa da Monongahela daga kudu, sun zo sun haɗu a wani tsini kamar bakin garma, suka zama kogi guda mai suna Ohio. Wannan haɗuwa ita ce asalin arzikin garin: kwal a cikin duwatsu, ruwa na ɗaukar kaya, layin dogo a gefen kogi. Ki buɗe taswirar a wayarki ki riƙa gwadawa. Gadar titin Smithfield, mai ƙarafa lanƙwasassu kamar idanu biyu, tana nan tun 1883, motoci na bi ta kai har yau. Hasumiyar kotun gunduma ta 1888 tana nan, sai dai dogayen benaye sun shanye ta. A tsinin da kogunan suka haɗu, inda a da rumbunan kaya da layukan dogo suka cunkushe, yanzu ciyawa ce kore shar da wani babban famfo mai feshi sama, yara na guje-guje. A gefe akwai wani ɗan ginin bulo na 1764, ragowar sansanin sojan Ingila, wanda ya fi kowane gini a garin tsufa.

Wani abu guda ne babu, wato hayaƙin. Ranar da na hau, ana hango tuddan da ke nesa tar, ganyen itatuwa sun koma ja da ruwan ɗorawa saboda shigowar sanyi. Wannan garin ne a da ake yi wa laƙabi da Birnin Hayaƙi. A tashar taragon ta sama an liƙa tsofaffin hotunan garin, kuma duk wanda ya nemi hotunan shekarun 1940 zai ga fitilun titi a kunne da rana tsaka, motoci na tafiya da fitila kamar dare.

Abin da fensir ya tsallake

A taswira, hayaƙi siriri ne, ya karkata gefe guda cikin ladabi, bai rufe gidan kowa ba. Dole mai zane ya yi haka, domin da ya zana shi yadda yake, da babu wanda zai ga shagonsa. A zahiri kwal ɗin yankin mai laushi ne, mai yawan baƙin hayaƙi da warin farar wuta, kuma ba masana'antu kaɗai ke ƙona shi ba. Jiragen ƙasa, jiragen ruwa, da murhun kowane gida duk shi suke ci.

Ke da kika san wahalar wanki, ki kwatanta rayuwar matar gida a wurin. Ta yi shanya, kafin kaya su bushe baƙin toka ya sauka a kansu. Labule ba ya daɗewa bai yi baƙi ba. Ana goge bango, ana goge taga, gobe a sake. Maza masu aikin ofis sukan sauya farar riga kafin a tashi aiki. Tsakanin 1911 da 1914 Cibiyar Mellon ta gudanar da bincike a kan hayaƙin, ta ƙiyasta cewa yana jawo wa garin asarar kusan dala miliyan 10 a shekara, a kuɗin wanki da fenti da fitila da kayan shago da suka lalace da makamantansu. Wahalar hannun matan da ba a biyansu ko kwabo kuwa ba ta da farashi. Garin ya kuma yi ƙaurin suna wajen mace-macen ciwon nimoniya, musamman lokacin sanyi da hayaƙi ke kwanciya a ƙasa.

Sai ruwan nan mai kyau da kike gani jirage na yawo a kai. Cikinsa garuruwan da ke sama suke zuba bahayarsu, daga cikinsa kuma Pittsburgh take jan ruwan sha ba tare da tacewa ba. Sama da shekara talatin, har zuwa 1907, babu wani babban birni a Amurka da zazzaɓin taifot ke kashe mutane kamar nan: sama da mutum 100 cikin kowane 100,000 duk shekara. An daɗe ana jayayya a kan kuɗin gina matatar ruwa. Da aka gina ta a Aspinwall, ruwa ya fara bi ta cikin yashi kafin ya shiga famfo daga ƙarshen 1907, sai mace-macen suka faɗi warwas cikin 'yan shekaru. Maganin yana nan tun tuni, yanke shawara ne ya yi jinkiri.

Cikin masana'antun kuma, ma'aikatan ƙarfe da yawa awa 12 suke yi a rana, wasu kwana bakwai a mako. Duk bayan mako biyu, idan za a sauya masu dare da masu rana, mutum yakan yi awa 24 a tsaye gaban narkakken ƙarfe. Wata matashiyar lauya, Crystal Eastman, ta bi takardun mace-mace na gundumar Allegheny daga Yulin 1906 zuwa Yunin 1907, ta ƙirga mutum 526 da suka mutu a haɗarin wurin aiki cikin wata 12. Ta yi kalanda, kowace rana da alamar waɗanda suka mutu a cikinta. Ta kuma bi iyalansu, ta gano da yawa ba su sami diyyar da ta wuce kuɗin jana'iza ba, wasu ko wannan babu. Littafinta ya fito a 1910, kuma yana cikin abubuwan da suka tura jihohi yin dokar biyan diyya. Pennsylvania ta yi tata a 1915.

Homestead: unguwar da ta rage a takarda

Ki bi kogin Monongahela sama kaɗan, tafiyar 'yan mintoci a mota, za ki iso Homestead. Shi ma Fowler ya zana shi a 1902: masana'antar ƙarfe ta miƙe a bakin kogi, gidaje sun hau tudu a bayanta. Shekara goma kafin zanen, ranar 6 ga Yulin 1892, an yi artabu a wannan bakin ruwa tsakanin ma'aikata masu yajin aiki da 'yan bindigar haya na kamfanin Pinkerton, waɗanda shugaban kamfanin Carnegie, Henry Clay Frick, ya ɗauko a jiragen ruwa. An rasa rayuka ta ɓangarorin biyu, aka kawo sojan jiha, ƙungiyar ma'aikata ta karye, ba ta sake miƙewa ba sai bayan sama da shekara arba'in. Ba za ki ga alamar wannan a taswira ba. Amma a kan tudu akwai katafaren ɗakin karatun da Andrew Carnegie ya gina wa garin a 1898, mai zauren kiɗa da wurin ninƙaya. Yana nan har yau ana amfani da shi. Mutumin da ya yi awa 12 a bakin wuta, yaushe zai sami idon karatu? Wannan tambayar ma'aikatan wancan lokaci da kansu sun yi ta.

Wadda ta shiga inda mai zane bai shiga ba mace ce, Margaret Byington. Ta zauna a garin, ta bi lissafin cefanen gidaje 90, ta rubuta littafin da ya fito a 1910. Ta bayyana tsakar gidajen baƙi 'yan gabashin Turai da ke ƙasa da layin dogo: iyalai da yawa a kewaye da fili guda, famfo ɗaya, masai a tsakiya, yara na wasa a gefensa. Albashin miji ba ya isa, sai matar ta karɓi 'yan haya maza a cikin ɗaki biyun da suke ciki, ta dafa musu, ta wanke musu, ga goyo. Idan kin kalli ƙananan gidajen nan masu kyau a jere a taswira, ki tuna kowanne da irin wannan mata a ciki.

Unguwar ma babu ita yanzu. A 1941 aka rushe ta don faɗaɗa masana'anta saboda yaƙi, aka tashi mutane kusan 8,000. Masana'antar da ta cinye unguwar ita ma ta rufe a 1986. Yau wurin kasuwar zamani ce, da shaguna da gidan sinima da filin ajiye motoci. An bar dogayen bututun bulo 12 a tsaye a jere, babu wuta a ƙarƙashinsu, mutane na wucewa da ledojin sayayya. A nan na gane dalilin da ya sa 'yan garin suke rataye taswirar. Ga jikar ma'aikaci, wannan takarda ce kaɗai ta rage da za ta ɗora yatsa ta ce nan ne layin kakata. Duk wadda mahaifinta ya yi aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna kafin su rufe ta san irin wannan kewa.

Kwana biyar a Donora

Gaba kuma, kimanin kilomita 30 kudu da Pittsburgh, akwai Donora, a wata lanƙwasar kogi da tuddai suka kewaye. Fowler ya zana shi a 1901, yana sabon gari ɗan shekara guda, filaye na jiran masu saye. A 1915 aka ƙara masa masana'antar narka tutiya a kan ta ƙarfe da waya. Ciyawa ta daina fitowa a tuddan da ke kallonta, amma akwai aiki, mutane suka yi haƙuri.

A makon ƙarshe na Oktoban 1948 iska ta tsaya cik. Bisa al'ada iskar ƙasa ta fi ta sama ɗumi, sai ta tashi ta tafi da hayaƙi. A wannan makon sai aka sami akasi: iska mai sanyi ta kwanta a kwarin, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar an kifa faifai a bakin tukunya. Bututu suka ci gaba da aiki, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Da yake mutanen sun saba da hazo, ba su razana ba. Ranar Juma'a yara suka yi jerin gwanon bikinsu, ranar Asabar aka buga ƙwallo, 'yan kallo da ƙyar suke ganin 'yan wasa. A cikin gidaje kuwa tsofaffi da masu asma da masu ciwon zuciya suna ta kokawa da numfashi. Likitocin garin 'yan ƙalilan suna laluben hanya gida-gida, 'yan kwana-kwana suna ɗauke da tulun iskar oksijin, su ba wannan kaɗan su wuce wurin na gaba. Sai ranar Lahadi, 31 ga wata, aka dakatar da aikin masana'antar, ruwan sama ya sauko ya wanke iskar. Mutum 20 suka mutu, kusan 6,000 suka kwanta ciwo a yankin da mutanensa ba su wuce 14,000 ba.

Duk wadda ta taɓa riƙe yaron da ƙirjinsa ke shiga ciki yana fito kamar usur, ta san abin da wannan adadi yake nufi. Yau Donora ba ta kai mutum 5,000 ba, shaguna da yawa a rufe. A babban titin akwai ɗan gidan tarihi da aka buɗe a 2008 don tunawa da abin. Mutanen garin suna alfahari da cewa daga wahalarsu aka fara ɗaukar gurɓatar iska da muhimmanci: dokar tarayya ta farko a kan lamarin ta zo a 1955, manyan dokokin tsabtace iska suka biyo baya a 1963 da 1970.

Yadda sama ta washe

Ita Pittsburgh ta riga ta fara nata gyaran. An yi dokar hana hayaƙi a 1941, yaƙi ya jinkirta ta, sai a 1946 aka fara tilasta ta a kan masana'antu, a 1947 aka kai ga gidaje, zamanin magajin gari David Lawrence. Ba a sha da daɗi ba. An hana ƙona ɗanyen kwal mai araha sai a murhu na musamman, talakawa suka koka da tsadar makamashi. Abin da ya taimaka shi ne isowar iskar gas ta bututu da sauya jiragen ƙasa daga kwal zuwa dizal. Cikin shekara goma sama ta washe, aka shiga wanke gine-gine, mutane suka ga ashe duwatsun da suka ɗauka baƙaƙe ne masu haske ne.

Daga baya ƙarfen kansa ya tafi. Garin da ya kai mutum sama da 670,000 a 1950 ya dawo kimanin 300,000 a 2020, ƙasa da yadda yake lokacin da Fowler ya zana shi. Abin da ke riƙe da shi yanzu asibitoci ne da jami'o'i. Bene mafi tsawo a garin, mai hawa 64, kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ne ya gina shi, amma haruffan da ke haskawa a ƙololuwarsa da dare UPMC ne, sunan rukunin asibitocin da ke haɗe da jami'ar garin. A wannan jami'ar ce Jonas Salk da abokan aikinsa suka haɗa allurar rigakafin shan inna ta farko, wadda aka tabbatar da ingancinta a 1955. Ta ɗigawa a baki da aka fi sani a wurinmu daga baya ta zo, daga hannun wani likitan daban, amma ƙofar a nan aka buɗe ta.

Kada ki ɗauka an gama. A Braddock masana'antar ƙarfe ta 1875 tana aiki har yanzu, a Clairton kuma akwai wurin gasa kwal mafi girma a Amurka. A Disambar 2018 gobara ta lalata na'urorin tace hayaƙinsa na tsawon watanni, aka kuma ga ƙaruwar masu zuwa asibiti da asma a yankin. Iyayen da ke kwarin suna duba ingancin iska a waya kafin su bar yara su fita wasa.

Idan za ki rataye

Ban ce kada ki saya ba, uwargida. Aikin hannu ne mai ban sha'awa, kuma yaro zai iya shafe awa guda yana bin tituna da yatsa. Ga 'yan shawarwari. Yawancin abin da ake tallatawa sabon bugu ne, ba tsohon ba. Na asali tsada gare shi kuma ba a samunsa a arha, don haka kada a ruɗe ki da launin tsufa. Haƙƙin mallakar waɗannan zane-zane ya daɗe da ƙarewa. Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana da sama da 1,500, ya kuma sa su a intanet kyauta. Ki sauke babban fayil ɗin inda data ba za ta cuce ki ba, ki kai wurin masu buga hoto, ki nemi takarda marar sheƙi. Ki buga shi da girma, domin idan ya yi ƙanƙanta rubutun ƙasa ba zai karantu ba, alhali nan ne rabin daɗin. A sa gilashi saboda ƙurar hunturu, a nisanta shi da hasken rana da bangon da ke jiƙa da damina. Idan a gidanku ana guje wa hoton mai rai, ki zuƙo hoton ki duba tukuna, domin wasu suna da ƙananan mutane da dawakai a tituna.

Idan kuma ya hau bango, ki zauna da yara ku karanta shi. Su ƙirga gadoji, su nemo makaranta, su nemo tashar jirgi. Sannan ki tambaye su: ina mutanen nan suke ɗiban ruwa? Wa ya biya aka zana wannan ginin da girma haka? Hayaƙin nan, gidan wa yake sauka? Yaron da ya iya yi wa hoto irin waɗannan tambayoyi, talla ba za ta yi saurin cinsa ba, ko a allon titi ko a waya.

Ke ma ki yi wa gidanki tambayar ƙarshen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida, na itace da gawayi da kananzir, yana da hannu a mutuwar kimanin mutum miliyan 3 duk shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Mutanen Donora sabo ne ya hana su razana, mu ma mun saba da namu. A sauke goyo kafin a tsaya kan murhu. A buɗe taga idan ana girki, a yi amfani da busasshen ice, a daina hura wuta da leda. Janareta ya zauna a waje, nesa da tagar ɗakin kwana, gawayin jin ɗumi kuma kada ya kwana a ɗaki rufe. Yaron da numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa idan ya ja iska, asibiti za a nufa da shi a ranar, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuri'a.